Maɓallin da Aka Yi Hayarsa a Hannunka

Ɗana, kafin ka sake daka wa yaro tsawa don ya taɓa rimot hoto ya ɓace, karɓi rimot ɗin ka dube shi da kyau. Maɓallan da kake bukata kullum, na ƙara murya da na sauya tasha, ƙanana ne baƙaƙe, sai ka lalubo su. Amma ga wasu manya masu launi, an rubuta Netflix, YouTube, Prime Video, an dasa su daidai inda babban yatsa yake sauka idan mutum ya miƙa hannu cikin duhu. Yaron bai yi ganganci ba. Kai ma ka sha danna su, kuma za ka ƙara.

Sababbin talabijin da ƙananan akwatunan Android da ake shigowa da su daga Maraɗi, ko ta Ɗan Isa daga Kano, yawancinsu da irin wannan rimot suke zuwa. A Agye, a Gazawa, a Gidan Rumji da Tibiri, mai gida ya haɗa talabijin da dikoda yana kallon Arewa24 ko Télé Sahel, ko ya sa fim ɗin da aka tura masa a kile. Hannu ya goga kaɗan, sai talabijin ta bar tashar, ta buɗe wani shafi tana neman intanet da sunan mai asusu. Tsohuwar da aka bari ita kaɗai a gida ba ta san hanyar komawa ba, haka za ta zauna gaban allon da ba ya magana har wani ya dawo daga gona. A gidan kallo kuwa, in abin ya faru ana shirin buga fanareti, sai mai gidan ya sha zagin da bai ci ba bai sha ba.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. A watan Janairun 2011 kamfanin Netflix ya sanar cewa ya daidaita da masu ƙera talabijin irin su Sony, Samsung, Sharp da Toshiba, za a sa masa maɓallinsa na kansa a rimot. Wasu suka bi sahu. A 2019 kafar Bloomberg ta ruwaito cewa kamfanin Roku na Amurka, mai ƙera akwatunan kallo, yana karɓar dala ɗaya a kan kowane irin wannan maɓalli. Dalar Amurka fa, wadda ta haura sefa 500, ba dalarmu ta nan ba. Rimot mai maɓalli huɗu, sai ka lissafa da miliyoyin gidaje. Rumfar haya ce a bakin kasuwa, sai dai kasuwar tafin hannunka ce, kuma kuɗin hayar ba aljihunka yake shiga ba. Har ma ɗan haya yakan tashi ya bar allon sunansa: kamfanin waƙa na Rdio ya rufe a ƙarshen 2015, maɓallinsa ya ci gaba da zama a rimot ɗin mutane ba ya kai su ko'ina.

Mu a nan abin ya fi ban haushi. Netflix ta buɗe wa Nijar ƙofa tun Janairun 2016, amma biyanta sai da katin banki. Gida nawa ne a Gangara ko Cadakori ke da shi? An sayar mana da maɓallin da aka yi domin wasu.

Inda nake son ka fi kula shi ne idan ka raba wa talabijin intanet daga wayarka. Netflix da kanta ta ce kallon awa guda yana iya cin giga 1, in hoton mai kyau ne har giga 3. YouTube kuma ba ya neman asusu, da an danna ya buɗe, bidiyo na ƙarewa wani na tashi. Ka sayi forfe da yamma, yara sun danna kana masallaci, ka dawo ba ko mega ɗaya. A talabijin da yawa maɓallin yana kunna ta ko tana kashe, sai ta kwana tana zuƙar batirin sola.

Maganin ba wuya. Kada ka sa reza ka yanke maɓallin, ƙura da gumi za su shiga ta ramin su kashe sauran. Kai wa mai gyaran rediyo ranar kasuwa, ya buɗe rimot ɗin, ya liƙa ɗan salatif a ƙarƙashin robar, a kan wurin da take taɓa allon ciki. Maɓallin yana nan a ido, amma ya mutu, kuma in ka so shi wata rana sai a ɓare. Mai akwatin Android yana iya sa manhajar Button Mapper ya sauya wa maɓallin aiki, ko da yake ba kowane akwati take yi wa ba. Sannan ka zaunar da mahaifiyarka da matarka da yaran, ka nuna musu maɓallin da ke mayar da talabijin kan dikoda, ka ɗiga masa farin fenti. Wannan ya fi faɗa amfani.

Wayar da ke aljihunka ma tana da irin nata, kuma nata ya fi cizo. Saƙo ya faɗo bisa allo kana tsakiyar neman lamba, ka danna don ya kauce, ashe ka amince da waƙar kira ko labarin ƙwallo, ana cire maka sefa 25 ko 50 kowace safiya ba ka sani ba. Dattawan da ba su karanta Faransanci su aka fi ci. In ka je gaishe da Baba, karɓi wayarsa ka duba abin da aka ɗora masa, ka kira kamfanin layin a cire. In sun ƙi, hukumar ARCEP ce ke sa ido a kansu, kuma tana karɓar koke.

Ran da za ka sayi wata talabijin, ce wa mai shago ya fito da rimot ɗin daga kwali tun kafin a yi ciniki. In maɓallan hayar sun yi kusa da na murya, ka ce ya haɗa maka da rimot na gama-gari wanda ba shi da su, a cikin kuɗin.