"Ara Mini Littafinka In Kwafa"

Duk wanda ya ke da ɗa ko 'ya a makarantar sakandare ya san irin zaman nan da 'yan makaranta su kan yi da yamma. Su uku ko huɗu su kan taru a zaure ko a gindin itace, kowa da littafinsa, suna fama da aikin da malami ya ba su. Cikin darussan da su kan tara su haka, da wuya a sami wanda ya kai kemistiri, wato ilmin sinadarai da yadda abu ya ke haɗuwa da abu su zama wani abu dabam. Mu iyaye mu kan gan su mu yi murna, mu ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gaskiya ne. Amma akwai wata tambaya da ta kamata mu tsaya a kanta, gama 'ya'yanmu suna karo da ita kowane mako.

Ga tambayar. Gobe da safe za a karɓi aiki. Yaro ɗaya ya gama nasa, abokinsa kuwa ko layi ɗaya bai iya ba. Sai abokin ya ce, "Don Allah ara mini littafinka in kwafa. In ban kai ba gobe Malam zai hore ni, kuma in rasa maki." Me ya kamata yaron kirki ya yi? In ya hana, za a ce da shi marowaci. In ya bayar, abokinsa zai gode masa, kowa ya kwana lafiya. Mu ne muka koya wa 'ya'yanmu kyauta tun suna ƙanana. Ashe yanzu kuma za mu ce su hana?

Kafin mu amsa, sai mu rarrabe aiki iri biyu. Akwai aikin da wani ya ke iya yi wa wani, ya kuwa yiwu sarai. Noma ke nan. In mutum ya kwanta ciwo da damina, 'yan'uwa suka yi masa gayya, gona ta nomu, dawa kuma ba za ta tambayi hannun wa ya riƙe fartanya ba. Akwai kuma aikin da sai mai shi. Cin abinci ke nan. Kana iya nome wa ɗan'uwanka, ka sussuka, ka niƙa, ka tuƙa, har ka kai masa loma baki, amma ba ka iya haɗiye masa. Aikin makaranta yana cikin iri na biyu. Malami ba ya bukatar amsar, gama ya riga ya san ta. Abin da ya ke nema shi ne kan yaron ya buɗe.

Bari mu kawo misali. An ce yara su nuna a rubuce yadda iskar haidurojin da iskar oksijin su ke haɗuwa su zama ruwa. Amsar gajeriya ce: a sa 2 gaban haidurojin, a sa 2 gaban ruwa. Minti ɗaya ya isa a kwafe ta. Amma don me 2? Domin a cikin irin wannan haɗuwa ba abin da ke ɓacewa, ba kuma abin da ke ƙaruwa. Ƙwayoyin zarra da suka shiga su ne za su fito, sai dai sun sake abokan zama. Giram 4 na haidurojin da giram 32 na oksijin su kan ba da giram 36 na ruwa, ba ƙari ba ragi. Wani masani mutumin Faransa, Labwaziye, shi ne ya tabbatar da wannan ƙa'ida da ma'auni, ya kuma rubuta ta cikin littafinsa a shekara ta 1789. Yaron da abokinsa ya zauna da shi suka ƙirga ƙwayoyin hagu da na dama har suka yi daidai, ya sami mabuɗin tambayoyi ɗari. Wanda ya kwafa kuwa ya sami lamba biyu kaɗai, jibi in aka sake tambaya ba za su yi masa amfanin kome ba.

Ranar wanka kuma ba a ɓoyon cibi. Hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, ba ta tsaya ga rubutu kaɗai a kemistiri ba, akwai gwajin hannu. Za a ba yaro asid ya zuba cikin wata doguwar kwalba mai ma'auni, da ɗan famfo a ƙasanta. Zai auni mililita 25 na wani ruwa dangin kanwa, ya ɗiga masa rini ɗigo biyu ko uku. Sa'an nan ya riƙa sakin asid kaɗan kaɗan yana karkaɗawa, har launi ya juya daga rawaya zuwa ruwan goro. Ɗigo ɗaya ya kan raba daidai da kuskure. Zai maimaita har awonsa ya zo ɗaya. Ido da hannu ne ke koyon wannan, ba a aronsu.

Ba a jarrabawa abin ya ƙare ba. Waɗannan yara su ne gobe za su nemi karatun likita, da aikin jiyya, da haɗa magunguna. A shekara ta 1990 yara 47 suka mutu a Jos saboda ruwan maganin farasitamol da aka haɗa da dayetilin gilaikol, wanda ke kashe ƙoda, maimakon furofilin gilaikol, wanda a kan yi magani da shi. Sunayen sun yi kama, ruwan kuma ya yi kama a ido. Ba mu ce kwafe a makaranta ne ya jawo wannan ba. Abin da mu ke cewa shi ne, akwai ranar da ran ɗan wani zai rataya ga mutumin da ya san bambanci ya kuma iya gwadawa. A ranar nan ba littafin aboki.

Wani zai ce, "Kuna magana kamar kowace makaranta tana da malamin kemistiri da ɗakin gwaji. Yaron da ya yi jiyya mako uku fa, ko wanda aka kora don kuɗin makaranta?" Wannan magana tana da nauyi, ba za mu raina ta ba. In yaro ya ari littafi ya kwafi darasin da ya wuce shi domin ya karanta, wannan ba laifi, an kai masa tuwo ne zai ci da bakinsa. Abin da mu ke ƙi shi ne ya kwafi amsa ya miƙa wa malami da sunan aikin kansa. Wannan ƙarya ce, ko da ba a buɗe baki ba, mai bayarwa kuma yana da hannu a cikinta. Ɓarnarta ma ba ga mutum ɗaya ta tsaya ba. In yara talatin suka kawo amsa daidai alhali biyar ne suka gane, malami zai zaci an gane, ya wuce gaba. Da sun kawo kuskurensu, da ya koma baya ya sake bayani.

To, hani kaɗai shi ne nagarta? A'a. Yaron da ya rufe littafinsa ya ce, "Ni ba ruwana da ƙarya," ya tafi ya kwanta, ya tsare sunansa amma ya yar da abokinsa. Mu lura, ba da littafi a kwafa shi ne taimako mafi araha, ba ya cin mai bayarwa kome. Taimako na gaskiya yana cin sa'a guda ko biyu, yana cin haƙuri. Ga abin da za mu so mu ji daga bakin 'ya'yanmu: "Ba zan ba ka ka kwafa ba, amma zauna, ba zan tashi ba sai ka iya." Alƙalami ya zauna a hannun mai koyo. Mai taimako ya yi tambaya fiye da ba da amsa. Su yi wata tambaya mai kama da ita tare, sa'an nan ya bar shi ya yi ta malam shi kaɗai. In dare ya yi ba a gama ba, gara ya kai rabin aiki na kansa, ya ce, "Malam, nan na tsaya."

Inda ba ɗakin gwaji ma, abokai suna da abin yi. Su zuba zoɓo a kofi biyu, su matsa lemun tsami a ɗaya, su ɗiga ruwan kanwa a ɗaya. Na fari zai ƙara ja, na biyu zai yi duhu ya doshi kore. Abin da rinin nan na gwaji ya ke yi ke nan. Mai bayani kuma ba ya hasara, gama sai mutum ya tashi koya wa wani ya ke gane inda saninsa ya ke da rami. Sai dai ya yi hankali da girman kai, kada ya kunyata abokinsa a gaban jama'a.

Sauran magana tamu ce, mu iyaye. In kullum tambayarmu ita ce, "Maki nawa ka ci?" mu ne ke tura su ga kwafe. Akwai ma iyayen da ke biyan kuɗi a sato wa 'ya'yansu amsa, ko da ya ke dokar Nijeriya ta 1999 ta mai da wannan laifi. Mu sake tambaya, mu ce, "Me ka gane yau? Wa ka koya wa?" Ko ba mu san kemistiri ba, muna iya ba su fitila da tabarma da lokaci. Allah shi ba 'ya'yanmu abokai masu zama da su har su iya.