ASIRIN WA MUKE RUFAWA, NA YARON KO NA AZZALUMIN?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, musamman mutanenmu na Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ɗanja, Ƙafur da kewaye, yau tambaya ɗaya nake so mu tsaya a kanta. Idan babba ya ci zarafin yaro, ya lalata shi ko ya yi masa dukan da ya bar masa tabo, sai dangi suka taru suka ce "a rufa asiri", shin wannan ita ce suturar da Musulunci ya kwaɗaitar da mu, ko cin amana ne muka sa wa rigar addini?

Kowa a yankin nan yana tuna daren Juma'a, 11 ga Disamba, 2020, lokacin da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗalibai fiye da 300 cikin daji. Babu wanda ya ce a rufa asiri. Iyaye suka cika bakin makaranta, masallatai suka yi alƙunutu, duniya ta ji, kafin mako ya zagayo Allah ya dawo da yaran. Mun ɗaga murya ne domin maƙiyin daga daji ya fito. To amma idan maƙiyin a zaurenmu yake kwana fa? Idan kawu ne, ko mijin uwa, ko mai shagon bakin layi, ko malamin da muka damƙa wa yaro? Nan fa sai baki ya mutu.

Mun ga inda shirun yake kai mu. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Daura, suka fito da mutum 67, manya da yara, da mari a ƙafafunsu, makonni kaɗan bayan an fito da ɗaruruwa daga irinsa a Rigasa ta Kaduna. Gidajen nan a tsakiyar unguwa suke, kuma yawancin yaran iyayensu ne suka kai su da hannunsu da niyyar gyara tarbiyya. Kyakkyawar niyya ba ta hana azaba ba, domin babu mai leƙawa, babu mai tambaya.

Na san hujjar masu cewa a rufa, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa Annabi (SAW) ya yi wa mai suturta Musulmi albishir da suturar Allah duniya da lahira. Gaskiya ne, hadisin ya inganta. Suna cewa idan magana ta fita yarinya ba za ta sami miji ba, za a riƙa nuna gidan da baki, zumunci zai watse. Wannan ma tsoro ne na gaske, wanda ya zauna a ƙauye ya san yadda magana take bin yarinya har ɗakin mijinta.

Sai dai malamai ba su bar hadisin sutura haka sakaka ba. Imam Nawawi a sharhinsa na Sahihu Muslim ya bayyana cewa suturar da ake so ta mutumin da ba a san shi da cutarwa da ɓarna ba ce, wanda ya zame ya faɗi. Amma wanda aka san shi da cutar da mutane, abin da ya fi shi ne a kai maganarsa ga hukuma, domin rufa masa ƙara masa ƙarfin gwiwa ne. A cikin Riyadus Salihin kuma ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, daga ciki akwai kai ƙarar zalunci da gargaɗin Musulmi daga sharrin wani. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa, aya ta 135 kuma ta umarce mu da tsayawa kan adalci ko da shaidar za ta faɗa kanmu ne, ko iyayenmu, ko danginmu.

Ashe akwai bambanci tsakanin zunubin da mutum ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa da laifin da ya taka haƙƙin wani. Na farkon ka rufa masa, ka yi masa nasiha a ɓoye. Na biyun akwai mai haƙƙi, kuma mai haƙƙin nan yaro ne da ba ya iya tsaya wa kansa. Uba ba shi da ikon sayar da wannan haƙƙin da buhun masara biyu ko kuɗin magani. Sau da yawa an kira ni irin wannan zama na sulhu, kuma abin da nake lura da shi kusan kullum ɗaya ne: dattawa suna zaure suna maganar mutuncin gida, mai laifin yana zaune cikinsu an sunkuyar da kai, yarinyar kuwa tana can ƙuryar ɗaki, ba wanda ya ko tambaye ta yadda ta kwana. Wallahi wannan sulhu na manya ne, yaron ba ya ciki.

Ku tuna matar nan ta ƙabilar Makhzum da ta yi sata a zamanin Annabi (SAW). Danginta suka ji nauyin abin kunya, suka tura Usama ɗan Zaidu ya nema mata sassauci. Fuskar Manzon Allah ta canza, ya kuma bayyana cewa abin da ya halaka mutanen da shi ne barin mai daraja da hukunta mai rauni. Mu yau ɗan mai kuɗi ko ɗan masu unguwa ya ɓata 'yar talla a ce ƙaddara ce, almajiri ya ɗauki wayar wani a taru a kansa da sanduna. Haba jama'a!

Kuma wanda aka rufa wa ba ya tsayawa. Ana ɗaga shi daga wannan unguwa ya koma waccan, ko daga wannan makaranta ya buɗe wata. Yaro na biyu da na uku da zai taɓa, wa zai amsa tambayarsu gaban Allah in ban da waɗanda suka sani suka yi gum? Hadisi ya koya mana cewa shi kansa azzalumi taimakonsa shi ne a riƙe hannunsa. Kai shi gaban hukuma jinƙai ne gare shi kafin ya tara abin da ba zai iya biya ba ranar hisabi.

To ina sutura ta tafi? Tana nan, ga yaron ta koma. Kada a ambaci sunansa a majalisa, kada a ɗauki hotonsa a watsa a Facebook ko WhatsApp wai ana neman masa adalci, kada mata su mai da shi hirar gidan suna. A gaggauta kai shi asibiti, ko babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi ko wanda ya fi kusa, tun kafin a yi masa wanka ko a wanke tufafinsa, domin a nan shaida take. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, bayan nan ya wuce lokacinsa. Kwana ukun da ake ɓatawa ana jiran baffa ya dawo daga kasuwar Ɗandume na iya zama rayuwar yaro. Sannan a sanar da 'yan sanda. Nijeriya tana da dokar haƙƙin yara tun 2003, jihar Katsina kuma ta samu tata dokar kare yara a 2020. Ba na kiran kowa ya ɗauki doka a hannunsa, ba na kuma kiran a jefi mutum da zargi babu hujja, domin ƙazafi babban zunubi ne. Bincike aikin hukuma ne, namu shi ne kada mu danne magana.

Amma rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin daga cikin gida yake farawa. Mai cin zarafin yara ba ya zaɓen yaron da ake lissafin shigarsa da fitarsa. Yana neman wanda yunwa ta koro, da 'yar tallar da ake jira ta kawo cinikin da za a ɗora tukunya, tana yawo tasha har bayan isha'i, da yaron da aka saki uwarsa aka bar shi ba mai jan sa a jiki. Ga kuma 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara, suna cunkushe a kangwaye da ɗakunan aro, iyaye mata sun fita neman aikatau, yara suna watse.

Ya kai maigida, Allah ya ba mu ƙasar masara da dawa da auduga da waken suya. Idan kaka ta yi, kafin ka yi lissafin sabon babur ko ƙarin aure, ka auna abin da zai kai iyalinka wata kakar ba tare da 'yarka ta ɗauki faranti ba. Ka fitar da zakkar hatsinka idan ya kai nisabi, ɗaya bisa goma na noman damina, ɗaya bisa ashirin na wanda ka sha wahalar ban ruwa, ka fara da gidan marayu da 'yan gudun hijirar da ke layinku. Buhu ɗaya na iya dawo da yarinya daga tasha zuwa Islamiyya. In ka kai ɗanka karatun allo wani gari, ka je ka ga inda yake kwana, ka san me yake ci, ka keɓe da shi ka tambaye shi.

Ke kuma uwa, ki koya wa ɗanki tun yana ƙarami cewa akwai wuraren jikinsa da ba wanda ya isa ya taɓa, kuma in ya faɗa miki ba za ki dake shi ba. Kunya ado ce, amma kunyar da za ta hana yaro gaya wa uwarsa an cuce shi ta zama makamin azzalumi. Yaron da ya fara fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya riƙa tsoron wani mutum haka kawai, ko aka gan shi da kuɗin da ba a san tushensu ba, a zauna da shi a hankali. In ya yi magana, a fara da gaskata shi, bincike ya biyo baya.

Mu malamai da limamai da masu unguwanni, nauyinmu ya fi na kowa, domin wurinmu ake fara kawo maganar. Duk wanda aka zo wa da irin wannan ya ce a je a yi haƙuri kawai, to ya sani an ba shi amanar mai rauni ya tozarta.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya ko da a kan namu ne, ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu da ƙasa baki ɗaya. Wallahu a'alam.