Nasiha Ga Ɗan'uwan Da Aiki Ya Kai Shi Ƙasar Waje

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya watsa arziki a cikinta, Ya aje rabon wani a ƙofar gidansu, na wani kuma a bayan teku. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, fita biɗar halal ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, iyayenmu sun yi ci-rani a Kano da Kumasi da Abijan, kuma duk inda suka sauka sun tarar da zango, da masallaci, da mai masauki. Amma wannan nasiha muna yin ta ne ga wanda ya samu aiki a ƙasar da Musulmi ba su ne mafi yawa ba, kamar Faransa ko Beljiyam, likita ne shi ko injiniya, direba ko mai gadi, ya sa hannu kan takardar aiki, ya kama ɗakin haya, kuma zai shekara biyu ko biyar ko fiye da haka.

Abin da muke so ya fara ganewa shi ne, a gida gari ne yake ɗauke wa mutum rabin nauyin addininsa ba tare da ya sani ba. A Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ladan ne yake tada shi da asuba. Maƙwabci ne yake buga masa ƙofa in bai gan shi a sahu ba. Naman da ya saya a kasuwa bai taɓa tambayar wanda ya yanka ba. Ranar Juma'a kuwa hanya da kanta takan kai shi masallaci, don kowa can ya nufa. To, ranar da ya sauka daga jirgi, duk wannan ya rage a baya. Abin da gari yake ɗauke masa, yanzu shi zai ɗauka da kansa. Mafi yawan waɗanda addininsu ya yi rauni a ƙasar waje ba su wayi gari sun ce sun bar shi ba. A'a, sun zauna ne suna jiran garin ya tuna musu, garin kuwa yana can yana sha'aninsa.

Kai mazauni ne, ba matafiyi ba

Malamanmu na mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risalar Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaurukanmu, sun bayyana cewa matafiyi yana yin ƙasaru in tafiyarsa ta kai mil 48, amma da zarar ya yi niyyar zaman kwana 4 a wuri guda, ko abin da zai sallaci salloli 20, to ƙasaru ta faɗi, sai ya cika sallarsa. Ke nan wanda ya tafi aikin shekaru, shari'a ba ta kiransa matafiyi. Mazauni ne. Azumi yana kansa, Juma'a tana kansa, haƙƙin maƙwabtaka yana kansa.

A cikin wannan hukunci akwai magani ga wata cuta da take kama ƴan'uwanmu da yawa, wato zaman wucin gadi. Mutum ya ce: in na koma gida zan gyara sallata, in na koma gida zan koma karatu. Sai shekara 10 ta wuce jakarsa tana ɗaure, zuciyarsa ba ta can ba ta nan. Alhali kwanakin da yake yi a can daga cikin kwanakin rayuwarsa ake cire su, mala'iku kuma ba su aje alƙalami ba don ya ƙetare iyaka.

Mu dubi sahabbai da suka yi hijira zuwa Madina a shekarar 622. Zazzaɓin garin ya kama Sayyidina Abubakar da Bilal, Allah Ya ƙara musu yarda, har Bilal ya riƙa ambaton kwarurrukan Makka da tsirranta saboda bege. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai zarge su ba. Sai ya roƙi Allah Ya sanya musu son Madina kamar son Makka ko fiye, Ya kuma yi albarka a mudunta. Saboda haka begen gida ba raunin imani ba ne. Amma ba su zauna suna bege ba kawai: an gina masallaci, an ƙulla ƴan'uwantaka, an shiga kasuwa. Waɗannan uku su ne aikin baƙo a watanninsa na farko.

Na farko: lokaci da alƙibla

A ƙasarmu tsawon yini bai cika canzawa ba, bambancin rani da damina bai kai sa'a biyu ba. A birnin Faris kuwa, cikin watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8:40, ta faɗi kafin ƙarfe 5 na yamma. Ke nan Azahar da La'asar da Magariba duk suna iya riskar ma'aikaci a wurin aiki. Cikin watan Yuni kuma rana ba ta faɗuwa sai daf da ƙarfe 10 na dare, Lisha ta yi nisa, Asuba ta zo da wuri. Waɗanda suka yi azumin shekarar 2016 a can, da ya faɗo cikin Yuni, sun kame baki wajen sa'a 18. Ga kuma sauyin agogo da ake yi a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, wanda saboda shi wani lokaci agogonsu ya yi daidai da na Yamai, wani lokaci ya riga shi da sa'a guda.

Don haka abu na farko da baƙo zai nema shi ne jadawalin salla na garin da yake. In ya ga jadawalin masallatai sun saɓa game da Lisha da Asuba a lokacin zafi, kada ya ruɗe, dalili shi ne shafaƙi yana jinkirin ɓacewa a ƙasashen arewa. Ya bi na masallacin da yake salla a cikinsa. Ya kuma sani cewa kalmar gabas da muka saba kiran alƙibla da ita ba ta aiki a ko'ina: daga Faris alƙibla tana kudu maso gabas ne.

Sannan ya zauna ya tsara yininsa kamar yadda manomi yake tsara kunyoyinsa. Ya fito gida da alwala. A lokacin sanyi ya sani shari'a ta yarda da shafa a kan huffi na fata ga wanda ya sanya shi da cikakkiyar alwala. Ya koyi lokacin zaɓi da na lalura na kowace salla, domin wanda ya san su zai iya jinkirta Azahar zuwa ƙarshen lokacinta ya sallaci La'asar a farkon nata, kowace cikin lokacinta, cikin hutu guda. Dokar aiki ta Faransa ta ba ma'aikaci hutun minti 20 aƙalla in ya yi sa'a 6 yana aiki, ga kuma hutun cin abincin rana. Raka'a huɗu ba ta cin minti 10. Amma tara salloli biyar zuwa dare, a maishe shi al'ada ta kullum, wannan tozarta salla ne, kuma babu malamin da ya ba da fatawa da shi.

Juma'a ranar aiki ce a can, ranar hutunsu Lahadi. Kada mutum ya yanke wa kansa hukunci cewa ba za a bar shi ba alhali bai tambaya ba. Ya je wurin shugabansa cikin ladabi, ya nemi a tsawaita masa hutun rana, ya biya sa'ar da yamma. Matambayi ba ya ɓata. Kuma ya tuna gargaɗin da ya zo a hadisi game da wanda ya bar Juma'a uku don sakaci, cewa ana rufe zuciyarsa.

Na biyu: ƴan'uwa da maƙwabta

Kaɗaici shi ne babbar ƙofar Shaiɗan ga baƙo. Mutumin da ya tashi cikin gida mai mutum 20, ba ya cin tuwo shi kaɗai, sai ga shi cikin ɗaki guda a bene na biyar, ya yini bai ji wanda ya ce masa ina kwana ba. Wanda bai nemi abokan kirki da gangan ba, waɗansu abokan za su same shi ba da neman sa ba. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, an jarrabe shi ne a ƙasar da babu wanda ya san mahaifinsa, a bayan ƙofofi rufaffu, abin da ya tsare shi kuwa shi ne sanin cewa Ubangijin Kan'ana Shi ne Ubangijin Masar.

Musulunci ya riga ka zuwa can. Babban masallacin Faris tun 1926 aka buɗe shi, ga ƙananan masallatai a unguwanni. Ka zaɓi ɗaya ka lazimce shi har liman ya san fuskarka. Za ka ga wanda ya saki hannu da wanda ya kame, Balarabe da Baturke da mutumin Senegal. Kada ka ɗauki gardamar gida ka kai musu. Ka tambayi kanka tambaya guda: in ciwo ya kwantar da ni, ko ajali ya riske ni a wannan ɗaki, wa zai sani, wa zai yi mini wanka, wa zai sanar da gida? In babu amsa, to ba ka gama sauka ba tukuna.

Maƙwabcinka kuma, ko ba Musulmi ba ne, yana da haƙƙi. Hayaniyar dare laifi ce da ake cin tara a kanta, shara tana da ranarta da mazubinta, layi ana binsa. Ragon layya ba a yanka shi a gida ko a bakin titi, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, wanda kuma ya fi so ya aika kuɗi a yanka masa a gida, ya wakilta amintacce. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha wajen 615 sun zauna ƙarƙashin Najjashi cikin mutunci, ba su ɓoye aƙidarsu ba sa'ad da aka tambaye su, ba su kuma ta da fitina ba, har Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya dawo a shekara ta 7 bayan hijira.

Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Wannan magana tana da iyaka. Ka ɗauki harshensu, da rigar sanyinsu, da cika alkawarinsu na lokaci. Amma giya a walimar wurin aiki, da naman alade, da keɓewa da wadda ba muharrama ba, waɗannan ba jelar da za ka ɗaura ba ce. Ka faɗa tun ranar farko, da fara'a, cewa ba ka sha. Wanda ya yi nauyin baki a farko, shi ne yake shan wuya daga baya. Ka riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin kayan abinci, ka san mahaucin halal na unguwarku, in kuma ka rasa, kifi da ƙwai da wake sun ishe ka.

Na uku: amanar aiki da amanar gida

Abdurrahman ɗan Aufu, da ɗan'uwansa Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, addu'a ya yi masa, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Annabi Musa kuma, kamar yadda labarinsa ya zo a Suratul Ƙasas, ya isa Madyana ba shi da kowa, aka ɗauke shi aikin shekara 8, ko 10 in ya so, saboda halaye biyu: ƙarfi da amana. Takardar da ka sa wa hannu alkawari ce. Zuwa a makare, da ƙaryar ciwo, da ɓoye abin da ka samu don gudun haraji, ba su zama halal don mai aikin ba Musulmi ba ne. Da yawa daga abokan aikinka ba za su taɓa shiga masallaci ba, abin da za su sani game da Musulunci shi ne abin da suka gani gare ka.

Game da gida, ciyar da mata da ƴaƴa wajibi ne da nisa ba ya kayar da shi, haka nan iyaye mabukata. Ka yanka musu abu sananne kowane wata tun kafin ka taɓa albashin. Kuma kuɗi ba su maye gurbin murya: ka sa ranar da kake kiran mahaifiyarka, ka ji karatun ƴaƴanka, hutun shekara kuma, wanda a Faransa mako 5 ne, kada ya wuce ba ka taka gida ba in da hali.

Mu kuma da muke gida, mu ji tsoron Allah game da su. Mukan ji cewa yuro 1,000 ya haura jikka 655 na sefa, sai mu ɗauka ɗanmu ya zama attajiri, mu manta da haya da haraji da kuɗin ɗumama ɗaki. Yawan bani-bani ya tura wasu cikin bashin ruwa, wasu cikin aikin dare da rana har salla ta kuɓuce musu. In mun kira su, mu fara tambayar lafiyarsu da sallarsu kafin mu tambayi saƙo.

Muna roƙon Allah Ya tsare ƴan'uwanmu a duk inda suke, Ya haɗa su da abokan kirki, Ya sanya albarka a cikin guminsu, Ya tabbatar da su a kan salla, Ya kuma maido su ga iyalansu da imaninsu cikakke. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.