Idan Manomi Ya Karye, Wa Zai Ɗauki Asarar?

Daga Funtuwa zuwa Malumfashi, a bi ta Bakori a leƙa Ɗanja da Ƙafur, da wuya a ga babbar gonar masara da aka noma babu kuɗin wani a cikinta. Taki na dila ne, sai kaka. Maganin feshi na mai shago ne, sai kaka. Kuɗin 'yan ƙwadago an karɓo su wurin wani mai sayen hatsi a kasuwar Ɗandume, a kan za a auna masa buhu kaza bayan girbi, wato ba-da-kaka. Wanda abin ya kai wa iya wuya kuwa, gona yake bayarwa jingina. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na manomin wannan yanki ya fi na sauran mutane tsawo.

Ba yau aka fara ba. Tun zamanin da kamfanin BCGA na Turawan Ingila ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, 'yan baranda suke ba manomi kuɗi da damina don su mallake audugarsa tun ba ta kai fuloti ba. Sai aikin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975, ya zo ya yaɗa masara da takin zamani. Dawa tana haƙuri da talaka, masara ba ta yi sai an zuba mata kuɗi. Wani masanin zamantakewa, Paul Clough, ya zauna a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, ya riƙa komawa, har ya fitar da littafi a 2014. Ya nuna cewa arzikin attajirin ƙauye a ɗaure yake da mutanen da yake ba rance da jari, kuma zumunci da kunyar idon jama'a suna taka masa burki. Mai bin bashi da wanda ake bi a sahu ɗaya suke salla, gobe ma za su haɗu a wurin suna.

Wannan burki ya yi sanyi. A ƙananan hukumomin Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, 'yan bindiga sun raba mutane da gonakin daji, wasu an hana su girbe abin da suka noma sai sun biya. Ga sabon bashin da kakanni ba su sani ba, na kuɗin fansa, wanda ake haɗawa a kwana biyu ba tare da an tsaya ciniki ba. A kakar 2025 kuma farashin masara ya faɗi warwas alhali taki bai sauko ba, manomi ya sayar da buhunan da ya samu bai mayar da uwar kuɗi ba. Abin da ke biyo baya sananne ne. Wani a kai shi ofishin 'yan sanda, duk da cewa dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa alkawarin ciniki kawai. Wani ya sayar da gonar gado. Wani ya sulale da asuba ya tafi Abuja ko Legas acaɓa, ya bar iyali suna amsa sallamar masu bin bashi.

Nijeriya tana da dokar karayar arziki ta ɗaiɗaikun mutane tun 1979. A takarda, wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa zai iya zuwa kotu a raba abin da ya mallaka ga masu binsa, daga baya a sallame shi ya fara sabuwar rayuwa. Tsufan dokar ya kai har yanzu Naira 2,000 ce mafi ƙarancin bashin da za a shigar da ƙara a kansa, kuɗin da ba ya sayen tiyar shinkafa. Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumi, don haka manomin Sabuwa sai ya ɗauki lauya ya tafi Katsina. Tsarin mulkin 1999 kuma ya haramta wa wanda aka ayyana ya karye tsayawa takara har sai an sallame shi. Ba abin mamaki ba ne da dokar take kwance tana shan ƙura.

Manya ba su da wannan damuwa. Mai kamfani, kamfaninsa ake bi, gidansa da motarsa suna gefe sai in ya sa su jingina da kansa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ƙara buɗe hanyoyin ceto kamfanin da ya durƙushe. Hukumar AMCON, da aka kafa a 2010, ta sayi ruɓaɓɓun basukan bankuna, kuma ita da bakinta ta sha faɗi cewa mutane da kamfanoni kusan 350 ne ke riƙe da fiye da kashi 80 cikin 100 na tiriliyoyin da take bi. Ita kanta ƙasar an yafe mata dala biliyan 18 a 2005, ba wanda ya ce an ci haƙƙi.

Sai dai idan aka kawo maganar a majalisar malamai a Funtuwa, hujjar da za a fara ji tana da nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. Bashi haƙƙin bawa ne, Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe. Ya inganta a Sahihu Muslim cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Shi ya sa kafin a sallaci gawa ake shelar cewa duk mai bin mamaci ya ga ɗansa ko ƙanensa. To wane ne alƙali da zai ɗauki biro ya soke abin da shahada ba ta soke ba?

Abin da ake yawan mantawa shi ne, fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan yankin nan yana da babi guda a kan mutumin da ya karye. Muwaɗɗa ta kawo labarin Usaifi'u, mutumin ƙabilar Juhaina, wanda yake sayen raƙuma da tsada a kan bashi don a ce ya riga alhazai isowa. Da ya tsiyace, Sayyidina Umar ya yi shela cewa masu binsa su hallara a raba musu abin da ya rage masa. Daga irin wannan malamai suka gina tsari, har Muhtasar na Shehu Halil ya jera shi daki-daki. Alƙali zai hana mutumin taɓa dukiyarsa, a sayar da ita a gabansa. Dabbobi a gaggauta, gida da gona a jinkirta kamar wata biyu don kada a yi musu karyar farashi. Kowane mai bin bashi ya karɓi kaso gwargwadon abin da yake bi, babu wanda zai riga wani don ya fi shi baki ko sanin manya. Wanda ya tarar da kayansa yadda ya bayar da su, kamar buhun takin da ba a kwance ba, yana iya ɗaukar abinsa. A bar wa mutumin tufafinsa da abincin iyalinsa zuwa lokacin da ake zaton zai farfaɗo. Idan talaucinsa ya tabbata, ba a tsare shi, ba a kuma tilasta masa ƙwadago don ya biya. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta wajabta a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, ta kuma ce yafewa ta fi.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake wawashe kayan wanda ya karye a kasuwa zai gane cewa wannan tsari ya fi abin da ake yi yau tausayi nesa ba kusa ba.

A wuri ɗaya fiƙihu ya rabu da dokar Turawa. A wurin jumhurun malamai ragowar bashin tana nan a wuyan mutum, ranar da ya samu zai biya. A Ingila kuwa tun 2004 shekara guda ce a sallami mutum daga yawancin basukansa. Amurka, bayan da dubban manoma suka rasa gonakinsu a hannun bankuna, ta ƙara babi na 12 a dokarta a 1986 musamman don manomi: ya riƙe gonarsa, ya biya abin da zai iya cikin shekara 3 zuwa 5, a soke saura. Hujjarsu ita ce mutumin da ya san duk abin da zai samu har mutuwa na wani ne ba zai sake ɗaukar fartanya da zuciya ɗaya ba, kuma al'umma ce ke asararsa.

Wanne ya fi adalci? Amsar tana ga wanda ya ba da bashin. Banki ko kamfanin taki da ya ba manoma dubu bashi ya san wasu ba za su biya ba, ya kuma riga ya zuba wannan lissafi a cikin ruwan da ya ɗora ko ribar da ya ƙara. Ya karɓi ladan kasada tun ranar sa hannu. In fari ko ɗan bindiga ya cinye gonar, ya dawo ya ce asarar duka ta manomi ce, ya ci biyu ke nan. Ƙa'idar malamai ita ce mai cin riba shi ke ɗaukar faɗuwa. Malikiyya ma sun yi hukunci cewa wanda ya sayi 'ya'yan itace a kan bishiya, annoba ta cinye sulusi ko fiye, za a rage masa kuɗin, kuma cikin annobar sun lissafa rundunar da ba a iya tunkuɗewa. Hukuncin na ciniki ne, ba na rance ba, amma ya nuna ba su yarda a jibga wa mutum ɗaya masifar da ba shi ya jawo ba. A kan irin waɗannan masu ba da bashi, sallamar kotu adalci ce.

Maƙwabci daban ne. Bazawarar da ta ba ƙanen mijinta kuɗin adashinta ya sayi taki ba ta ƙara ko kwabo ba, ba ta da manoma dubu da za ta raba asara a kansu. Soke haƙƙinta da sunan tausayi ɗauke nauyi ne daga kan talaka a ɗora wa wanda ya fi shi talauci. Nan ne hujjar malamai take da cikakken ƙarfinta, kuma nan ne Musulunci ya tanadi mai biya na uku. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa waɗanda bashi ya danne cikin kaso takwas na masu cin zakka. A yankin da manyan manoma ke girbe ɗaruruwan buhuna, da wuya a ji wanda ya ware zakkarsa don ya fanshi gonar maƙwabcinsa daga jingina. An fi son a raba kwano-kwano a ƙofar gida.

Akwai kuma masu taurin bashi, kada a yi musu rufa-rufa. Shirin bashin manoma na Anchor Borrowers, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ya iso wa manoman auduga da masara da shinkafa na Katsina ta hannun ƙungiyoyinsu. Wasu sun yi noma tsakani da Allah, kayan suka zo a makare ko daji ya gagara shiga. Wasu kuwa ko kunya ɗaya ba su da ita a gona, sun karɓi taki sun sayar, suna cewa rabonsu ne na gwamnati. A farkon 2023 asusun IMF ya ce kashi 24 cikin 100 kawai aka biya, Babban Bankin Nijeriya ya musa ya ce an biya fiye da rabin abin da lokacin biyansa ya yi, daga cikin fiye da Naira tiriliyan 1 da aka raba. Ko wanne aka ɗauka, an yi ta'adi. Hadisi ya kira jinkirin mawadaci zalunci, fiƙihu ya yarda a tsare shi har ya biya. Illar ita ce tsarin da ake da shi ba ya bambancewa. Umarnin da Babban Banki ya fara aiki da shi a Agustan 2020, wanda ya ba banki damar bin lambar BVN ya kwashi kuɗi daga duk asusun wanda yake bi, ba ya tambayar ko mutum ɓarawon taki ne ko wanda aka kora daga ƙauyensu.

Bambancewar nan ita ce aikin alƙali, kuma a ƙauye ba ta da wuya, don mai unguwa da liman sun san wanda ya yi shuka da wanda bai yi ba. Kotunan shari'ar Musulunci suna aiki a Jihar Katsina tun 2000, babin wanda ya karye yana cikin littattafan da alƙalansu suka karanta. Abin da ya rage shi ne a riƙa kai musu irin wannan ƙara maimakon ofishin 'yan sanda, hukumar zakka ta jiha ta ware kaso bayyananne don biyan bashin manoman da kotu ta tabbatar sun karye, 'yan majalisar tarayya na shiyyar Funtuwa kuma su nemi a gyara dokar 1979 ta yadda ƙaramin manomi zai iya neman sallama daga bashin banki a kotun da ke kusa da shi, kafin a shiga wata daminar.