Awa Ashirin da Ɗaya a Kan Ruwan Alappuzha

Ƙarfe goma sha biyu na rana ake karɓar baƙo, ƙarfe tara na safe a sallame shi. Haka ƙa'idar take a gidajen kan ruwa na Alappuzha, tsohon garin tashar jiragen ruwa a jihar Kerala, kudu maso yammacin Indiya. Tun kafin ka tuɓe takalmi an gaya maka lokacin saukarka.

Kettuvallam suke kiran jirgin, wato ɗaurarren jirgi. Na durƙusa na shafa gefensa: katako ne aka ɗinke da igiyar ɓawon kwakwa, aka shafe da baƙin ƙaron yazawa har yana ƙyalli. Irin na asali ba a sa masa ƙusa ko ɗaya. Da can shinkafa da kayan yaji yake dakonsu zuwa Kochi, har tituna da manyan motoci suka kashe masa kasuwa. A farkon shekarun 1990 aka kafa masa gado da banɗaki, ya koma ɗaukar masu yawon buɗe ido irina.

Muka miƙa cikin Kuttanad a hankali. Ga wata mata tana buga wanki a kan dutsen ƙofar gidanta, ga yara sun taso daga makaranta a kwale-kwale. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne gonakin shinkafa: kana cikin jirgi amma ƙasa kake leƙa manomi, don gonarsa ta fi ruwan zurfi, 'yar ganuwar ƙasa ce kaɗai ta raba shi da tafkin Vembanad. A watan Agustan 2018 ruwa ya haura irin waɗannan ganuwoyi, ambaliyar ta ci mutum fiye da 400 a faɗin Kerala, har da jiragen shaƙatawar nan aka yi ta kwashe jama'a. Yau ga shi an sake shuka, kore shar.

Biyar da rabi na yamma matuƙi ya kashe inji, ya ɗaure jirgi a jikin bishiyar kwakwa. Na ce ya ƙara mana ko rabin awa ne, zan biya. Ya girgiza kai yana murmushi: "Yallaɓai, ba maganar kuɗi ba ce. Yanzu ruwan na masu taru ne."

Sai a lokacin na yi lissafi. Awa biyar da rabi kacal muka yi muna tafiya, sauran duk zaman jiran safiya ne. Kuma a ina na ɓatar da su? Wajen mitar shayi ya yi sanyi, da ɗaga waya sama ina neman sabis, da hangen wani jirgi mai bene da ya fi namu kyau. Na haura hamsin, 'yan'uwa, kuma in zan faɗi gaskiya, haka na ci yawancin shekarun. Nan ma da sauƙi, tun da an faɗa maka ƙarfe nawa ne. Abokina da muka yi alkawarin wannan tafiya tare ya yi sallar Isha'i lafiya ƙalau, da hantsi muka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa.

Da dare ya yi, barci ya ƙi zuwa, tsohuwar gadar bakin teku da na gani jiya ta yi ta dawo min. A ƙarshen ƙarni na 18 Raja Kesavadas, wazirin masarautar Travancore, ya haƙa wa garin nan hanyoyin ruwa, ya gayyato fatake daga Gujarat da Kutch. A 1859 James Darragh ya buɗe masana'antar igiyar kwakwa, a 1862 aka gama hasumiyar fitila. Masoro da kurkur da tabarmi suka yi ta fita ta kan gadar nan zuwa Turai, har Lord Curzon ya kamanta garin da Venice. Sai aka yashe bakin tekun Kochi a shekarun 1920, manyan jirage suka juya can. Duniya rawar 'yan mata. Abin da na tarar turakun ƙarfe ne masu tsatsa a jere cikin ruwa, hankaki a kan kowane na uku ko na huɗu. Waɗanda suka yi ta cacar baki a wurin kan farashin buhu ɗaya, da dillali da ɗan dako da mai sito, babu wanda mai sayar da gyaɗar bakin tekun ya san sunansa.

Da asuba kiran salla ya ratso ruwa daga wani masallaci da ban hango ba. Na yi alwala a gefen jirgi, raɓa ta jiƙe tabarmar.

Tara saura kwata muka iso mashiga. Ban gama ɗaura takalmi ba yaron jirgin ya yaye zanen gadon da na kwana a kai, ya dunƙule, ya shimfiɗa sabo fari tas. A kan matakala wani ango da amaryarsa suna tsaye da akwatunansu, suna tambayar matuƙi ko akwai wurin cajin waya.