Katako Goma Sha Ɗaya

A ƙarshen watan Satumba na 2021, saura ƴan kwanaki a koma lekol, na hau tsani na leƙa cikin rufin aji a karo na farko a rayuwata. Shekarata tara ke nan ina koyarwa, uku daga ciki ina riƙe da wata ƙaramar makarantar firamare a wani ƙauye na jihar Maraɗi, amma ban taɓa sanin abin da ke tsakanin kawunan ɗalibaina da kwanon da ke samansu ba. Wanda ya sa ni hawan wani dattijon kafinta ne da muka kira daga garin da muke cin kasuwa. Iskar farkon damina ta yaye mana kwano shida a ajin ƴan shekarar ƙarshe, ruwa ya jiƙa silin har ya rufto ta gefe guda. Kwamitin kula da makaranta, wanda muke kira COGES, yana da jikka 90 a asusu, kuɗin da iyaye suka tara dala-dala. Lissafinmu shi ne a mayar da kwano, a sake silin, in an samu rara a shafa farar ƙasa.

Dattijon ya daɗe a sama ba mu ji ƙarar guduma ba. Can sai ya sauko, ya ɗauki alli a kan teburina ba tare da ya tambaya ba, ya sake hawa. Da ya gama sai ya ce, "Mushe, hawo ka gani da idonka."

Na hau. Ya ba ni ƙusa ya ce in soka a jikin wani katako da ya yi wa alama. A ido katakon lafiya lau yake, amma ƙusar ta shige kamar an soka tsinke a tuwo, gari ya zubo mini a hannun riga. Haka gara take aikinta, ta cinye ciki ta bar fata. Na ƙirga alamomin allin, goma sha ɗaya.

Na ce, "Baba, mu dai kwanon muke so a mayar, a rufe silin. Katako sai baɗi in Allah ya hore."

Ya ce, "Ɗana, ƙusa ba ta kama gari. In na buga zai zauna, ƙila shekara ɗaya, ƙila biyar. Amma ranar da zai tashi ba zai yi muku sallama ba."

Muka rabu ba mu daidaita ba. Bayan kwana biyu na samo wani saurayin kafinta, ya buga kwanon, ya rufe silin, aka shafa farar ƙasa. Aji ya yi fes.

Kafin mai karatu ya yanke mini hukunci, bari in faɗi abin da ke raina a lokacin, don ba son zuciya kaɗai ba ne. Duk wanda ya koyar a ƙasarmu ya san cewa idan aka rufe ajin siminti, yara ba gida suke komawa ba, ajin zana ake kafa musu. A watan Afrilu na wannan shekarar gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka rasu, mafi yawansu ƴan ƙanana. Ina ɗauke da wannan a zuciyata lokacin da nake tsaye a kan tsanin. Bayan mun koma karatu da wata guda, a watan Nuwamba, irin wannan masifa ta auku a cikin garin Maraɗi, yara sama da 20 suka tafi. Ranar da labarin ya iso mu na tsaya a ƙofar ajin nan ina kallon silin ɗin, na ce wa kaina ai ga shi, da na bi ta tsohon nan da yanzu yarana suna cikin zana.

Rufin kuwa bai faɗi ba. Damina biyu ta wuce a kansa ina nan, har aka canza mini wurin aiki a 2023.

To, in haka ne, me ya sa abin yake hana ni barci?

Na daɗe ina ba wa kaina amsa da sakamako. Ba wanda ya ji ciwo, saboda haka na yi daidai. Amma wannan lissafin bai da ƙafa. Direban da ya yi gudu da taya mai sanƙo daga Maraɗi zuwa Damagaram ya sauke fasinja lafiya, ba za mu ce ya kyauta ba, cewa za mu yi Allah ya kiyaye. Da iskar da ta bi ta gabashin ƙauyen a daminar 2022 ta karkato kaɗan, da ni ne dai wannan mutumin, da shawarar da na yanke ita ce dai wannan shawarar, sai dai sunan da za a kira ni da shi ne zai canza. Abin da iska ke iya canzawa ba zai zama ma'aunin halina ba.

Na kuma gwada ɗora wa dattijon laifi. Na ce tsabtar hannu tana da sauƙi ga wanda zai hau babur ɗinsa ya koma gida. Shi ya kare sunansa, mu ya bar mu da yara 58 da jikka 90. Akwai irin wannan nagartar da ba ta da tsada ga mai ita, wadda ke cewa ni dai ba da ni ba, alhali duniya ba ta gyaru da komai ba. Har yanzu ina ganin wannan zargin yana da nauyi a kan mutane da yawa. Talaka bai cika samun zaɓi tsakanin mai kyau da marar kyau ba, tsakanin haɗari biyu yake zaɓa, kuma wanda ya ƙi taɓa kowanne ba lalle ne ya fi kowa tsoron Allah ba.

Sai dai akwai abin da na riƙa tsallakewa duk lokacin da nake ba abokai labarin, har na kusa mantawa ya faru. Dattijon bai ƙi aikin ba. Kafin ya tafi ya ce da kuɗin da muke da shi zai iya sake katako huɗu mafi muni, ya shafa wa sababbin baƙin mai saboda gara, ya kafa sanduna uku a cikin ajin su tokare sauran. Sharaɗinsa biyu ne: kada a rufe silin, don a riƙa ganin katakon, kuma a tara iyaye a nuna musu, a gaya wa malamin ajin cewa da ya ga hadari da iska ya fitar da yara. Ni na ƙi. Sanduna a tsakiyar aji za su tare allo, na ce. Masu duba makarantu suna tafe. Iyaye in suka ji za su janye ƴaƴansu, musamman mata, waɗanda da ma da roƙo muke samunsu. Kowane dalili a cikin waɗannan gaskiya ne. Amma a ƙarƙashinsu akwai wani da ban faɗa ba, wato ba na son a shigo makarantar da nake riƙe da ita a ga aji da sanduna kamar rumfar mahauta.

Ashe ni da shi duk mun yarda a yi faci. Inda muka rabu shi ne ko facin zai nuna kansa ko za a lulluɓe shi. Ajin da ke da sanduna yana gaya wa duk wanda ya shiga cewa a yi hattara. Ajin da na yi, mai farin silin, yana cewa a kwantar da hankali. Haɗarin kusan ɗaya ne, amma a nawa na ƙwace wa mutane damar su kare kansu. Tun muna makarantar allo muka ji labarin mai hatsin da ya sa jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, da yadda Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin ya tono algus ɗin. Ban taɓa kawo wa raina cewa da silin ma ana iya yin wannan ba.

A nan ne na fara fahimtar irin amanar da ke wuyan mai sana'ar hannu, musamman a makaranta. In ka ba tela ɗinki ya ɓata, a jikinka za ka gani. Amma aikin magini da kafinta da mai haɗa waya, mafi muhimmancinsa shi ne wanda ake rufewa. Ba wanda zai fasa ginshiƙi ya ƙirga rodi. Ba wanda zai san ko buhun siminti guda bulo nawa aka buga da shi, ko an shayar da bulon ruwa kwanakin da ya kamata, sai bayan shekaru in bango ya fara zubar da yashi. A gidan mutum, mai gida yana tsaye a kan aikin, kuma shi zai kwana a ciki. A makaranta kuwa wanda ya ba da aikin daban, wanda ya biya daban, waɗanda za su zauna a ƙarƙashinsa yara ne da ba a tambaye su ba, ba su san me za su duba ba, kuma an umarce su su zauna shiru. A duk jerin nan mutum ɗaya ne ya san gaskiyar abin da ke sama, shi ne wanda ya hau tsani. In ya yi shiru, shike nan.

Saurayin da ya yi mini aikin shi ma ya ga allin. Na san ya gani, don da ya sauko ya dube ni, na kau da kai. Ba na wanke shi, amma ba ni da bakin zaginsa. Yana da mata da jariri, kuma ya gaya mini akwai wani aikin makaranta da ya yi wata takwas ba a biya shi ba. Mu da muke kuka da ha'incin masu sana'a, sau nawa muka kori wanda ya gaya mana gaskiya muka kira wanda zai yi shiru? Kuɗin da na ba shi, rabi na kwano ne, rabi na shirun.

Wani abin da ke ƙara rura wannan hali shi ne yadda muke raba yabo. Sabon aji ana yanka masa ƙyalle, a rubuta sunan mai bayarwa a bango, a ɗauki hoto. Wanda ya share indararo kafin damina, ya toshe tsagar bango tun tana ƙarama, ya ƙara ƙusa inda ta saki, ba shi da biki, don sakamakon aikinsa shi ne babu abin da ya faru. Shi ya sa za ka ga an gina sabon aji a gefen tsohon da jikka kaɗan za ta ceto shi. Kakanninmu ba haka suka ɗauki gini ba. Mai ginin ƙasa ya san yaɓe kafin damina wani ɓangare ne na zaman gidan, kamar noma ga mai gona. Na taɓa tsayawa a gindin hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ina kallon itatuwan da suka fito daga jikinta ta ko'ina. Suna ƙarfafa ginin, kuma a kansu magina ke takawa in za a sake yaɓe. Waɗanda suka gina ta ba su ji kunyar nuna cewa za ta buƙaci gyara ba, sun ma bar wa mai gyaran matakala. Ni kuwa sanduna uku na ji kunya.

Akwai dai tambayar da ban gama warware ta ba. Da na tara iyayen, ƙila wasu su janye ƴaƴansu da gaske, ƙila yarinya ɗaya ko biyu su rasa karatun har abada. Wannan ma asara ce, kuma ba ta da ƙara irin ta faɗuwar kwano. Abin da na iya cewa kawai shi ne ƴaƴansu ne, kuma kuɗinsu ne. Na yanke musu shawara a kan rayukan ƴaƴansu, sannan na ɓoye musu cewa akwai shawarar da aka yanke. Mun saba raina mutanen ƙauye mu ce ba za su gane ba, alhali kowannensu ya san gara fiye da ni, yana yaƙi da ita a rumbunsa kowace shekara. Wa ya sani, da an nuna musu, ƙila bayan girbi su kawo azara da kansu.

Da aka canza mini wuri na miƙa wa wanda ya gaje ni takardu, da makullai, da lissafin teburan zama har da masu karyayyar ƙafa. Ban ce masa komai a kan rufin ba. Sai a watan Mayu na 2024, wata rana da yamma hadarin farko ya haɗo a inda nake yanzu, iska ta fara kaɗa ƙofofi, na ɗauki waya na kira shi. Na yi ta kewaye-kewaye da gaisuwa kafin in ce, "Mushe, akwai abin da ban gaya maka ba. Ka sa a ɓalle silin ɗin ajin ƙarshe ta kusurwar gabas, ka hau da kanka. Za ka ga alamar alli a jikin katako."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na gaya masa.

Bayan kwana uku ya kira ni. Ya ce ya hau tare da shugaban kwamiti da liman, sun ƙirga goma sha ɗaya, kuma sun yi wa wasu huɗu alama da nasu allin. Yara sun koma ajin ƴan shekara ta biyar ana karatu kashi biyu, safe da yamma. Ya tambaye ni ko har yanzu ina da lambar dattijon.