Tawali'u da Jiran Gawon Shanu

A hutun Kirsimeti na 2024 na je Karshi gaida wata gwaggona. Tun 2006 take zaune a can, bayan da rusau ya cinye ɗakin da suke haya a gefen birnin Abuja. Karshi tsohon garin Gwandara ne, mutanen da harshensu ya fi kowane harshe kusanci da Hausa, amma yanzu garin ya cika da baƙi irin gwaggona, waɗanda birni yake son aikinsu da rana, ba ya son kwanansu da dare. Abinci take sayarwa a cikin birni. Da ƙarfe huɗu na asuba take tashi, ta biya wata 'yar majami'a mai rufin kwano a yi addu'ar safe, ƙarfe biyar ta kasance a bakin titi. Motar za ta bi ta Orozo da Kurudu da Jikwoyi da Karu, ta faɗa cunkoson Nyanya, inda bom ya hallaka mutane fiye da 70 a tashar mota ranar 14 ga Afrilu, 2014. Akwai gajeriyar hanya da za ta haɗa Karshi da Apo, kimanin kilomita 13, wadda aka ba da kwangilarta a 2011. Lokacin ziyarar tawa, shekara 13 ke nan, ba a gama ta ba. Litar mai kuwa, da ba ta kai naira 200 ba kafin a janye tallafi a watan Mayu na 2023, ta haura naira 1,000 a Oktoban 2024, kuɗin mota ya bi ta.

Na bi ta addu'ar nan sau uku. Mai bishara ya yi magana a kan tawali'u da bege da alherin Allah, jama'a suna amsawa da amin. Ni kuwa ina zaune a benci na baya, maganar wani ɗalibina tana yi mini yawo a kai. A ajin nazarin zube ya taɓa ce mini, a ganinsa wa'azin tawali'u maganin barci ne da ake ɗura wa talaka don mai mulki ya sami sakewa. Ban ba shi amsa mai gamsarwa ba a ranar. Tambayar dai ita ce: shin mutumin da ya sunkuyar da kai a gaban Allah, ya sunkuyar da shi ke nan a gaban kowa?

Dole in fara da amincewa cewa ɗalibin nan yana da rabin gaskiya. Mun ga masu wa'azi da ke ajiye wa mai kuɗi kujerar gaba, su juyo su ce wa na baya ya yi haƙuri. Mun ga waɗanda suka mai da alherin Allah haja, ana saye da baiko. Dietrich Bonhoeffer, malamin tauhidin nan na Jamus, ya yi kashedi a kan alheri mai araha a littafinsa na 1937, wato gafarar da ba ta neman kowa ya sauya hali. Shi kansa bai tsaya ga rubutu ba. Ya yi adawa da mulkin Hitila har aka rataye shi a watan Afrilu na 1945.

Sai dai kuma a dubi kalmomin da kansu, tun da sana'armu ke nan. A bakin Bahaushe, alheri abu ne mai zagayowa. Ana cewa alheri gadon barci, wato wanda ya shimfiɗa shi wata rana zai kwanta a kai, kuma al'adar biki duk a kan haka ta ginu: ka kawo mini yau, in kai maka gobe. Da masu fassara Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932, suka ɗauki wannan kalma, sai suka ɗora mata wani kaya dabam. Alherin Allah a koyarwar Kirista kyauta ce da ba a cancanta ba, ba kuma a iya ramawa. To, idan numfashi da gafara duk kyauta ne, da me wani zai yi wa wani alfahari? Minista da mai sayar da abinci hannu ɗaya suka miƙa, abu ɗaya aka ba su. Nan ne tushen tawali'u, kuma a nan ne na ga kuskuren ɗalibina. Sanin da ya hana gwaggona ɗaga kai a gaban Mahaliccinta, shi ne ya hana ta rawar jiki a gaban ɗan'adam, domin ta san shi ma mabaraci ne irinta. A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, ya lissafa haƙuri da kunya da ladabi cikin halayen da Bahaushe ke yabo, amma ya lissafa gaskiya da adalci tare da su. Mu ne muke karanta rabin jerin mu bar rabi.

Labarin da ya fi fito mini da wannan yana cikin Ayyukan Manzanni, sura ta 16. An yi wa Bulus da Sila bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, aka jefa su kurkuku. Da tsakar dare suna addu'a suna waƙar yabo. Da ƙofofi suka buɗe ba su gudu ba, hasali ma su ne suka hana mai gadin kurkukun kashe kansa. Mai wa'azin haƙuri a nan yakan rufe littafin. Amma da gari ya waye mahukunta suka aiko a sallame su a ɓoye, sai Bulus ya ƙi fita. Ya tuna musu cewa su 'yan ƙasar Roma ne, an dake su a bainar jama'a ba bisa doka ba, saboda haka mahukuntan su zo da ƙafarsu su fitar da su. Suka kuwa zo, suka ba da haƙuri. Mutumin da ya yi waƙa cikin mari da dare shi ne ya tsaya a kan haƙƙinsa da safe, bai kuma ga saɓani a tsakani ba.

Haka batun bege yake. Mai karatu ya san bege a adabinmu: marmarin wanda ake ƙauna ba a gani, kamar yadda yake a waƙoƙin begen Annabi. Kirista mai jin Hausa ya ari kalmar, yana kuma cewa sa zuciya. Dukansu biyu suna da motsi a ciki, sun bambanta da jiran gawon shanu, inda saniya ke tsaye ƙarƙashin bishiya tana duban sama. Annabi Irmiya yana tsare, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, shi da kansa ya yi shelar cewa birnin zai faɗi, amma ya auna azurfa shekel 17 ya sayi gonar ɗan'uwansa a Anatot. Ya sa shaidu, aka rubuta takarda, ya ce a adana ta cikin tukunyar ƙasa don ta daɗe. A lissafin kasuwa wauta ce. Shi kuwa yana shaida ne cewa za a sake sayen gonaki a ƙasar.

Ranar da zan taho na faɗa wa gwaggona maganar ɗalibin nan. Ta yi dariya.

"Malam, kai da karatunka ba ka ba shi amsa ba?"

"Gwaggo, ban samu ba a lokacin."

"To ka ce masa in na durƙusa da asuba, na gama durƙuson ranar ke nan."

Ta ba ni labarin yadda matan zumunta na majami'arsu, tare da maƙwabtansu Musulmi, suka je wani ofishi sau huɗu a kan rijiyar burtsatsen unguwa da ta lalace. A zuwa na uku an bar su a rana har azahar. Ba su zagi kowa ba, ba su kuma tafi ba. Sannan ta kewaya da ni bayan gida ta nuna mini wani ɗan fili da ta saya, da bulo jere a gefe an rufe da tsohon buhu. Duk wata takan ƙara goma ko ashirin, gwargwadon ciniki. Na tambaye ta ko ba ta tsoron wani rusau ya biyo ta har nan. Ta ce takardun suna cikin leda a ƙasan akwati, ta kuma ce in matsa mata, tana so ta ɗora tukunya kafin a ɗauke wuta.